Jirgin Ƙasa Ba Ya Kauce Wa Kowa

'Yan'uwa 'yan kasuwar shanu, a wannan fitowa za mu yi magana ne a kan wani abu da ba kasafai ake kawo shi a zaman ƙungiya ba, alhali kuwa kullum yana kan hanyarmu, wato layin dogo da jirgin da ke bi ta kansa. In an zauna, hirarmu ba ta wuce ta kwastan da jandarma, da kuɗin kan hanya, da canjin sefa da naira, da kuma ɓarayin daji. Duk waɗannan abin damuwa ne, babu musu. To amma mutum yana iya roƙon jandarma, yana iya sasantawa da ɗan kwastan, ko ɓarawo ma wani lokaci yakan karɓi dukiya ya bar rai. Jirgin ƙasa kuwa ba shi da sitiyari, kuma ko direbansa ya so tsayawa ba zai iya ba sai ya yi nisa. Saboda haka duk wata dabarar tsira tana hannun mai tsallakawa ne, ko direban mota, ko ɗan kore, ko kuma maigidan da ya tura su.

Inda hanyarmu ta haɗu da dogo

Wanda ya taso a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, ko kuwa a Abeshe da Injamena, yana iya girma har ya yi furfura bai taɓa jin kukan jirgi a garinsu ba. Ƙasar Cadi ba ta da layin dogo. A Nijar an shimfiɗa layi na kimanin kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, amma bai shiga aikin jigila ba. Sai dai shanunmu kudu suke nufa, kuma kusan duk inda suka nufa akwai dogo a gabansu.

A Najeriya jirgi ya iso Kano a 1911, reshe ya kai Ƙauran Namoda a 1929, wani ya kai Nguru a 1930, sa'an nan Maiduguri a 1964. Kakanninmu sun san waɗannan tashoshi sarai, domin da ƙafa suke koro shanu zuwa can a loda su a tarago sai Ikko. Yau tirela ta karɓe mafi yawan aikin, amma layin yana nan, yana ratsa Kano da Zariya da Kaduna da Ilori da Ibadan har zuwa Agege, inda mayankar Oko-Oba take. A 2016 ma an sake gwada tsohon tsarin, aka ɗauki shanu 500 a jirgi daga Gusau zuwa Legas.

A Kamaru dogo ya isa Ngaundare a 1974. Daga nan zuwa Yawunde kilomita 622 ne, daga Yawunde zuwa Duwala kuma 263, kuma tun 1999 kamfanin Camrail ke tafiyar da layin. 'Yan'uwanmu na Adamawa da na Cadi sun saba da lodin shanu a can. A Binin akwai layin Kwatano zuwa Paraku mai kilomita 438, ko da yake zirga-zirga ta ja baya ƙwarai a kansa. Masu zuwa Abijan kuwa suna da layin Wagadugu, wanda ya haura kilomita 1,100.

Ga kuma sababbin layuka masu faɗi. Na Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186, an buɗe shi a 2016. Na Legas zuwa Ibadan, kilomita 157, a 2021. An tsara su ne don gudun da ya kai kilomita 150 a awa, wanda ko kusa tsohon jirgi bai taɓa yi ba. Wanda ya fi shafarmu shi ne na Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Za mu dawo kansa a ƙarshe.

Me ya sa jirgi ba ya tsayawa?

Sau da yawa in hatsari ya faru sai ka ji ana cewa, "Ai direban jirgin ya hango su, ƙin taka birki ya yi." Mai faɗar haka bai san yadda abin yake ba. Tayar mota roba ce a kan kwalta, tana da kamu. Ƙafar jirgi kuwa ƙarfe ce a kan ƙarfe, kuma inda kowace ƙafa ta taɓa dogo bai fi faɗin kwabo ba. Wannan santsi shi ya sa kan jirgi guda yake iya jan taragu masu yawa da mai kaɗan, kuma shi ne dai ya sa tsayawa ke da wuya. In an matse birki da ƙarfi fiye da kima, ƙafafun su kulle, jirgin ya ci gaba da zamewa. In akwai ruwan sama, ko raɓa, ko mai da ya zuba a kan dogo, abin ya ƙara muni.

Ga kuma nauyi. A ɗauka jirgin kaya yana jan tarago 20, kowane da kayansa tan 50. Tan 1,000 ke nan, ban da kan jirgin. Tirela cike da shanu ba ta wuce tan 40 da wani abu ba. Ke nan jirgin ya ninka ta sau 25, kuma karon da zai yi mata kamar na sa ne da ɗan akuya. A Amurka akwai wata ƙungiya mai suna Operation Lifesaver da aka kafa a 1972 don wayar da kai a kan wannan batu. Abin da take koya wa direbobi shi ne, jirgin kaya mai gudun kimanin kilomita 90 a awa yana bukatar kilomita 1.6 ko fiye kafin ya tsaya, bayan an ja birkin gaggawa. Namu na tsohon layi ba su kai nasu tsawo da gudu ba, amma duk da haka maganar ɗaruruwan mitoci ake yi. Kafin direban jirgi ya tabbatar cewa abin da ya hango mota ce a kan layi, lokacin tsayawa ya riga ya wuce.

Ido ma yana yaudara. Abu in yana da girma, kuma yana nufo ka kai tsaye, sai ka ga kamar a hankali yake tafiya, kamar yadda ake ganin babban jirgin sama in zai sauka. Kunne ma haka. Mun saba da cewa jirgi yana da ƙara, amma mafi yawan ƙarar a gefensa da bayansa take. A sababbin layukan da aka haɗa ƙarafansu da walda babu ƙwanƙwasar nan da aka sani. In iska tana kaɗawa ta wani gefe, ko injin mota yana ruri, ko shanu suna kuka, sai jirgi ya zo dab da mutum bai ji ba. Lokacin hunturu kuma ga hazo da ƙura.

Lissafin sakan 14

Littafin koyar da direbobin manyan motoci na Amurka ya nuna cewa tirela tana bukatar aƙalla sakan 14 kafin ta gama tsallake layi guda, in layi biyu ne kuwa fiye da 15. To mu yi lissafi. Jirgin da ke gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowane sakan, wato cikin sakan 14 ya ci mita 230 da 'yan kai. In gudun kilomita 100 yake yi, zai ci kusan mita 390. Wannan kuwa lissafin mota mai lafiya ne a kan hanya mai kyau. Tamu motar da ta sha lodi, ga rami a bakin dogo, ga shanu 30 ko fiye suna karkata duk lokacin da aka taka birki ko totur, sai ta ninka wannan lokaci. Don haka ƙa'idar a taƙaice take: in ka hango jirgi, komai nisansa a idonka, ka tsaya.

A kula da alamomin hanya. A ƙasashen da ke bin tsarin Faransa, allo mai kusurwa uku da hoton shinge yana nufin mahaɗar da ke gaba tana da sandar tarewa. Mai hoton kan jirgi yana nufin babu sanda, kai ne mai tsaron kanka. Akan kafa ƙananan alluna masu zane 3, da 2, da 1, a nisan mita 150 da 100 da 50. A bakin layin kuma akwai alamar gicciye. In an ƙara mata wani rabin gicciye a ƙasa, to layin ya fi ɗaya. Jar fitila mai ƙyaftawa tsayawa ce ta dole, ko da sanda ba ta sauko ba.

In an iso mahaɗa, direba ya rage gudu tun daga nesa, ya kashe rediyo, ya sauke gilashi, ya ajiye waya. Inda gini ko ciyawa ko kwana ta tare gani, yaron mota ya sauka ya je bakin layi ya duba dama da hagu, sa'an nan ya yi wa direba hannu. A zaɓi ƙaramar giya tun kafin a hau, kada a canja ta a kan dogo, domin a nan ne mota ke mutuwa. Kada kuma a hau sai an tabbata akwai filin da zai ɗauki motar gaba ɗaya har jelarta a wancan gefe. Wannan shi ne tarkon cikin gari: cunkoso ya tsaya, kan mota ya wuce, bodi yana kan layi, gaba ba hanya, baya an toshe. Jirgi ya fi dogonsa faɗi da kusan mita 1 a kowane gefe, don haka a bar tazarar mita 5 in an tsaya.

Inda layi biyu ne, kada a zabura da zarar taragon ƙarshe ya wuce. Jirgi na biyu yana iya ɓoye a bayan na farko, yana zuwa ta ɗaya gefen. Sa'an nan inda aka ɗaga dogo ya yi tudu, doguwar tirela tana iya zama a kan cikinta ko ƙafafunta su kama, ta maƙale. Direban da bai san wurin ba ya sauka ya duba tukuna.

Sanda da mai tuta ba su ɗauke maka duba ba

Ranar 9 ga Maris 2023 da safe, a mahaɗar PWD da ke Ikeja a Legas, wata bas da ta ɗauko ma'aikatan gwamnatin jihar ta shiga gaban jirgi. Hukumomi sun bayyana cewa masu tuta sun riga sun tsayar da motoci, amma direban ya nemi ya riga jirgin wucewa. Jirgin ya ja bas ɗin a kan layi, mutum 6 suka rasu, da dama suka jikkata. Wannan darasi ne ga mai ƙin bin umarni.

Akwai kuma darasi ga mai dogara da sanda kaɗai. Ranar 17 ga Nuwamba 2012, a Manfalut kusa da Asyut a ƙasar Masar, jirgi ya take motar 'yan makaranta, yara kimanin 50 suka rasu. Rahotanni sun ce sandar a buɗe take, mai gadin kuma barci ya ɗauke shi. Mai gadi mutum ne, yana iya gyangyaɗi, yana iya zuwa cin abinci. Fitila kuma tana iya lalacewa ko a sace wayarta. In sanda ta sauko a tsaya, in tana sama a duba kafin a wuce.

Haka nan kada a ce, "Ai wannan layi ya mutu." Layin Legas zuwa Kano ya yi shekaru jirgin fasinja bai bi shi ba, har mutane suka baza kasuwa a kansa, sai ga shi a Disamban 2012 an gyara an dawo da jirgi. Ko layin da ba ya aiki, motar gyara ta ma'aikata tana iya bi ta kansa ba sanarwa. Jirgin kaya kuwa ba shi da tsayayyen lokaci, sai lokacin da aka sallame shi.

In mota ta mutu a kan layi

Abu na farko, kowa ya sauka nan take: direba, yaron mota, da 'yan rakiya da ke zaune a kan katako bisa shanu. Su ne suka fi shiga haɗari, domin suna sama, wasu ma barci suke yi. A tashe su da ihu. Kada wani ya koma ɗaukar jaka ko takardu.

In ba a ga jirgi ba, mutum biyu su ruga, ɗaya dama ɗaya hagu, suna bin gefen layi ba tsakiyarsa ba, su yi nisa iyakar iyawarsu, ko da kilomita 1 ne ko fiye, da jan ƙyalle a hannu, da dare kuma tocila suna kaɗa ta da ƙarfi. Direban jirgi ya san ma'anar wannan. Wani kuma ya buga waya tasha mafi kusa, ko ga jandarma ko 'yan sanda. Bayan an yi haka ne za a nemi motar da za ta ja ko ta tura.

In kuwa jirgi ya riga ya bayyana, a bar motar. A gudu ta wajen da jirgin ke fitowa, amma ana karkacewa nesa da layi. Wannan yakan ba mutane mamaki, amma dalilinsa a fili yake: in jirgi ya daki mota, ƙarafa da katako da shanun da ke ciki duk gaba za su watsu, wato inda jirgin ya nufa. Wanda ya gudu can, tarkacen zai same shi. Mun san ba ƙaramin abu ba ne mutum ya tsaya yana kallon jarin shekara goma a kan dogo, amma da rai ake neman wani jarin.

Abin da ba a yi shi ne a bar mota a kan layi a tafi neman taimako ba tare da an sanar da kowa ba. A Gana, ranar 18 ga Afrilun 2024, sabon jirgin da ake gwadawa a layin Tema zuwa Mpakadan ya yi karo da wata babbar mota da ta maƙale a kan dogo, a wurin da ba mahaɗa ce ta hukuma ba, kuma ba kowa a cikinta. Gaban jirgin ya lalace, kotu kuma ta ɗaure direban motar wata 6. Yanke da aka yi don a rage tafiyar minti kaɗan, ga inda ya kai shi.

Kora da ƙafa

Har yanzu da yawa daga cikin dabbobinmu da ƙafa suke zuwa kara, ko daga kara zuwa wurin lodi. Tsallakar da garke ta fi ta mota wuya, domin garke ba shi da birki. A ɗauka shanu 100 za su bi ta ƙunƙuntar mahaɗa, su ɗauki minti 3. Cikin minti 3 jirgi mai gudun kilomita 60 ya ci kilomita 3, wato lokacin da na gaba suka hau layi, jirgin da zai same su bai ma shigo inda ido ke kaiwa ba. Wannan ne ya sa a Ingila dokar hanya ta wajabta wa mai kora dabbobi, a mahaɗun da aka sa alamar haka, ya buga wa ma'aikacin jirgi waya ya nemi izini kafin ya tsallaka.

Mu ma muna iya yin kwatankwacin haka. In akwai tasha kusa, jagoran 'yan kore ya je ya gaida shugaban tasha ya tambaye shi ko akwai jirgi a hanya. A tara garken nesa da layi, a raba shi kashi-kashi, 10 ko 15, a tsallakar da kashi ɗaya, a sake dubawa, sa'an nan na gaba. A sa mutum ɗaya a kowane gefe wanda ba shi da aiki sai kallon layi. A tsallaka a miƙe, a fili inda ake hangen nesa, da rana. Kada a raba saniya da maraƙinta a kashi biyu, domin za ta juyo ta koma kan dogo nemansa, wasu su biyo ta. A kula da ramin da ke tsakanin ƙarfe da daɓen mahaɗa, kofato yana maƙalewa a ciki.

Duk ɗan kore ya san halin shanu in sun firgita. In oda ta tashi suna kan layi, maimakon su fita gefe sai su miƙe a tsakanin ƙarafan nan biyu suna gudu a gaban jirgi, musamman inda aka ɗaga layin ya yi gangare a gefe, ko inda aka yanka tudu ya zama kamar kwazazzabo. Saboda haka ba a bin layin dogo a matsayin burtali, komai miƙewarsa, ba a kuma hawa gadar jirgi da dabba ko da kogi ya cika. Ciyawar gefen dogo takan yi kyau don ba a noma wurin, da damina kuma shanu suna son kwanciya a kan tsakuwar layi saboda ba ta riƙe ruwa. A hana su, kuma kada a yada zango kusa. An sha ba da labarin jirgi ya bi ta kan shanu a layin Abuja zuwa Kaduna tun da aka buɗe shi.

Kada kuma a ɗauka asarar ta mai shanu ce kaɗai. Ranar 30 ga Yulin 1984, a Polmont ta ƙasar Sikotilan, tsakanin Edinbara da Gilasgo, saniya guda ɗaya tak ta shiga kan layi ta inda shinge ya lalace. Jirgin fasinja mai gudun kimanin kilomita 135 a awa ya buge ta, ya sauka daga kan dogo, mutum 13 suka rasu. Wanda ya yi sakaci da garkensa yana iya ɗaukar alhakin rayukan da bai taɓa gani ba.

A cikin tasha

Masu lodi a Ngaundare da Wagadugu da makamantansu suna da nasu haɗarin. A tasha ana jera taragu, ana ture su gaba da baya, kuma taragon da aka saki yana gangarowa shiru babu inji a jikinsa. Kada a ratsa ta ƙarƙashin tarago ko ta tsakanin biyu don an ga a tsaye suke. A zagaya ta nesa ko a bi gada. Kada a kwanta a inuwar tarago da rana, kada a zauna a kan dogo ana ƙirga kuɗi. Inda ake sauya wa jirgi layi, ƙarfen yana motsi ba zato, yana iya kama ƙafa. Mai jan bijimi zuwa wurin lodi kada ya naɗe igiya a hannunsa, domin in oda ta tashi sa ya zabura, sai ya ja shi duk inda ya nufa.

Masu rakiyar shanu a jirgi su zauna inda ma'aikata suka nuna musu. Rufin tarago ba wurin shan iska ba ne. Akwai gadoji, tsakanin Yawunde da Duwala kuma akwai ramukan da aka huda cikin dutse. Kada a hau ko a dira jirgi yana tafiya, kada a hura wutar shayi kusa da ciyawar da aka shimfiɗa wa dabbobi. In kuma aka ga taragon mai ya yi hatsari, a yi nesa da shi. Mutanen Yawunde ba za su manta da 14 ga Fabrairun 1998 ba, ranar da taragun mai suka yi karo a unguwar Nsam, jama'a suka taru ɗibar fetur, wuta ta tashi ta halaka mutane sama da 100.

Sai kuma samarinmu. Wanda bai saba ganin jirgi ba dole ya yi sha'awarsa, ba laifi ba ne. A Turai ma akwai mutanen da nishaɗinsu ke nan, su je su kalli jirage su ɗauki hoto, amma masu hankalinsu daga bayan shinge suke yi. Abin tsoro shi ne yaro ya tsaya a tsakiyar layi ya ba jirgi baya yana ɗaukar kansa bidiyo don ya sa a TikTok, ko yana tafiya a kan dogo da abin jin waƙa a kunne. Duk maigidan da ya ɗauki yaro tafiyar farko zuwa kudu, ya zaunar da shi ya gaya masa wannan tun kafin a tashi.

Alhakin maigida da na ƙungiya

In an bi diddigi, gaggawar direba sau da yawa daga maigida take fitowa. Mu ne muke bugo waya kowace awa muna cewa a iso kafin kasuwa ta ci, musamman gab da Babbar Salla. Direban da ya kwana biyu bai runtsa ba, yana dogara da ƙwaya da shayi, shi ne zai ga jirgi ya ce zai riga shi. Jiran jirgi ya wuce ba ya ɗaukar fiye da 'yan mintoci, kuma ba a taɓa jin farashin sa ya faɗi saboda minti 5 ba. Sauri ya haifi nawa, in ji masu iya magana. Kafin a yi lodi a duba birki da batir da fitilu, a tabbata akwai jan ƙyalle da tocila a mota, kuma maigida ya faɗa wa direba da bakinsa cewa ya fi son a makara da a yi tsere da jirgi.

Rassan ƙungiya ma suna da abin yi. Kowane reshe yana iya rubuta mahaɗun da ke kan hanyar mambobinsa, ya nuna waɗanda ba su da sanda da waɗanda suke da tudu, ya kuma nemo lambar wayar tashoshin da ke kusa a raba wa direbobi da shugabannin 'yan kore.

Babban aikin kuwa yana kan layin Kano zuwa Maraɗi. An tsara zai bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya kafin ya shigo Nijar. Duk ɗan kasuwar shanu ya san wannan yanki: ga karar Dambatta, ga ta Mai'aduwa kusa da Daura, ga burtalai da mashaya da aka gada tun kaka da kakanni, waɗanda layin zai gitta. Sabon layi mai gudu akan ɗaga shi ko a yi masa shinge, kuma in ba a bar wa dabbobi mafita ta ƙarƙashi a inda burtali yake ba, makiyaya za su huda tasu, daga nan kuma sai asara da shari'a. Ya kamata shugabanninmu na ɓangarorin biyu, tare da sarakunan shanu da ardo-ardo da hakimai, su kai wa hukuma jerin burtalan da abin ya shafa a rubuce, su nemi a yi musu mafita mai faɗin da garke zai iya bi, a kuma wayar da kan ƙauyukan da ba su taɓa zama da jirgi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Muna roƙon sakatarorin rassa su karanta wannan bayani a zaman wata, su kuma fassara wa waɗanda suka fi jin Fulatanci ko Zabarmanci ko Larabcin Cadi. Allah Ya kai mu kasuwa lafiya, Ya dawo da mu gida lafiya.